Basbusa a Bakin Ƙofa

Lahadi, 15 ga Disamba, bayan La'asar

Ga ni a Zamalek. Ni Sabuwa 'yar Haɗeja, da ban taɓa ko leƙo unguwar nan ba, yau ga ni kwance a gadon da ya kusa kai ɗakinmu na unguwar Faisal faɗi. Ba arziki ne ya kawo ni ba. Ranar Alhamis Duktura Samah, likitar mata, ta duba ni, ta cire tabarau, ta ce matakala ta haramta gare ni, tsayuwa ma sai ta alwala. Na ce mata a hawa na shida muke, kuma asanser ɗin gidanmu, wato na'urar hawa bene, ya mutu tun kafin mu tare. Ta ce to in nemi wani wuri in kwanta, idan muka kai Kirsimetin Ƙibɗawa, Kiristocin ƙasar nan, bakwai ga Janairu, an haye. Ta san abin da ya faru sau biyu a baya, ita ta riƙe hannuna a na biyun. Ba sai na rubuta ba.

Yaya Mahasin ce ta samo mafita. Maƙwabciyarmu ce a Faisal, Bahaushiyar Sudan, yaƙi ya koro ta daga Omdurman, tana aiki a gidan wata Baturiya a nan. Madam da mijinta sun tafi ƙasarsu hutun Kirsimeti sun bar mata gida. Ta kira ta ta roƙe ta, Madam ta ce in zo. Akwai asanser mai rai, ɗakin da ɗumi, asibitin Duktura kuma ƙetaren gada ne kawai.

Abin da Yaya Mahasin ba ta faɗa ba sai da ta sa makulli a ƙofa: ba gida kaɗai aka bar mata ba.

Karnuka ne, su biyu. Ƙaramin fari ne mai gashi buzu-buzu, sunansa Simsim, ya taho da gudu yana zamewa a tayil. Babbar kuwa ko motsi ba ta yi ba, ta ɗago kai ta dube ni sama da ƙasa. Ja ce, kunne ɗaya a yage, irin waɗanda ke kwana a kan motoci a layinmu. Basbusa. An sa mata rigar sanyi, saƙar hannu, koriya.

Malam, maigidana, yana bayana riƙe da jakata. Shekararsa ta uku ke nan yana karatun fiƙihu a Azhar, ban taɓa ganin magana ta ƙare masa ba sai yau. Ya tsaya da ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje.

Yaya Mahasin ta ce, "Ya Ustaz, ko ka shigo ko ka fita, sanyi kake shigo mana da shi."

Ya shigo. Ni dai ban sake hannun rigarsa ba har ɗaki.

Litinin, 16 ga Disamba, da hantsi

Mun kwana lafiya. Ƙofa a rufe, na tokare ta da kujera.

Laraba, 18 ga Disamba, bayan Azahar

Cizo ba shi nake tsoro ba, ko da yake ina tsoronsa. Tun ina ƙarama na san mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da kare. Ni kuwa a makonnin nan babu abin da nake buƙata kamar su. Sai nake ganin kamar na yi musaya ne, na ba da mala'iku na karɓi asanser. Jiya na yi kuka a kan wannan har hancina ya toshe.

Malam ya zo daga unguwar Darrasa da littattafai biyu masu kauri, ya zauna a bakin gado yana buɗe nan yana rufe can. Ya ce a mazhabarmu kare mai rai ba najasa ba ne, ƙwaryar da ya sa baki ita ake wankewa. Na ce ba wannan na tambaye shi ba. Ya ce wasu malamai sun ware karen gadi. Daidai nan aka danna ƙararrawa, mai kawo burodi ne, muka ji Simsim ya kwasa da gudu ya shige ƙarƙashin kujerar falo.

Na ce, "Malam, ga mai gadinku can."

Ya yi dariya har littafi ya zame. Rabon da in ga haƙoransa tun Alhamis ɗin nan.

Abin da ya yanke a ƙarshe shi ne, ɗakin nan nawa ne, a nan nake salla, a nan nake kwana, kada kare ya tsallako bakin ƙofa. Ragowar gidan na Madam ne, ita da Ubangijinta. Ban san ko a littafi ya gani ba ko don hankalina ya kwanta ne ya haɗa. Ban tambaya ba, na karɓa hannu biyu.

Yaya Mahasin ta tsaya a bakin ƙofar ta nuna wa karnukan da yatsa, ta ce, "Mamnu'," wato an hana. Simsim sai da aka fitar da shi da tsintsiya. Basbusa ta zo ta kwanta a waje, hancinta daidai inda tayil ya ƙare katako ya fara. Ba ta wuce ba.

Juma'a, 20 ga Disamba, da yamma

Mun wuni lafiya. Na cire kujerar. Tana nan a inda take.

Lahadi, 22 ga Disamba, bayan La'asar

Kullum da yamma Madam tana kira ta bidiyo. Ba Yaya Mahasin take fara gaisarwa ba, sai an juya mata waya ta ga 'ya'yanta tukuna. Daga nan ina jin ta tana maƙale murya kamar mai lallashin jariri. Yau dai ta tuna da ni, ta ce a gaishe ni, in ci duk abin da ke firij. Na leƙa ta ƙofa na ga an rataye safa biyu manya a jikin bishiyar Kirsimetinsu, kowacce da sunan kare. Mutanen nan suna da lokaci.

Na ce wa Basbusa, ke dai kin dace, daga bola zuwa Zamalek, har da rigar sanyi, ni da nake da takardar sakandare ina hawa na shida. Ta kaɗa jela sau ɗaya. Ashe har na fara hira da kare, Allah ya kyauta.

Yaya Mahasin ta kawo mini asida, tuwon Sudan, da miyar kuɓewa irin tasu, ta zauna a ƙasa tana matsa mini ƙafa. Hausarta irin ta tsofaffi ce, kakanta ya taso daga Katsina da ƙafa zai je Makka, ya tsaya a Sudan bai ƙarasa ba. Na tambaye ta yadda ta iya zama da karnuka.

Ta ce, "Ya bitti, 'yata, watana na farko safar hannu nake sawa. Amma da labarin gidana ya zo, babu kowa a nan sai wannan mai yagaggen kunnen. Ta zauna kusa da ni har na gama. Ba ta ce mini in yi haƙuri ba, shi ya sa na so ta."

Ban tambaye ta labarin me ba. Ita ma ba ta taɓa tambayata na biyun nan ba.

Laraba, 25 ga Disamba, da hantsi

Kirsimetin Turawa. Madam ta sa an ba karnuka abin da ke cikin safa tana kallo. Simsim ya samu ƙwallo mai ƙara, kuma tun safe bai bar mu mun huta ba.

Inna ta kira daga Haɗeja. Wannan karon ban gaya wa kowa a gida ba. Na farko na bari an sani, na biyu ma, har Inna ta sa an ɗinka abubuwa. Ba zan sake sa ta naɗe su ta mayar cikin akwati ba. Kuma ko babu wannan, da wane baki zan dubi uwata in faɗi irin wannan magana? Muna cikin gaisuwa sai Simsim ya yi haushi.

"Kare nake ji?"

"Na unguwa ne, Inna."

"Kamar a kanki yake."

"Haka garin yake, gidajen a manne suke."

Can ta ce muryata ta yi nauyi, ina cin abinci kuwa? Na ce ina ci. Ta ce in riƙa kwanciya ta gefen hagu. Na ce to. Daga nan muka koma maganar tsadar gero.

Asabar, 28 ga Disamba, bayan Azahar

Mun je awo. Duktura ta ce tamam, lafiya ƙalau, in ci gaba da zama malalaciya. A taksi na ga Nilu, hazo ya rufe shi, na ji kamar in yi waƙa.

Litinin, 30 ga Disamba, da yamma

Wani ɗalibi abokin Malam ya dawo daga gida, Inna ta ba shi saƙo. Na zaci kuka ce da daddawa kamar kullum. Suna ciki. Amma a ƙasan ledar akwai kanwa ungurnu, da gwangwanin yaji mai kayan ƙamshi irin wanda ake daka wa mai jego, da zannuwa biyu da suka sha wanki suka yi laushi.

Ba ta aiko da ko kalma ɗaya ba. Na kira na ce saƙo ya iso, an gode. Ta ce ba komai, kukar ta bana ce.

Na rungume gwangwanin na yi ta kuka, amma ba irin na kwanakin baya ba. Basbusa ta miƙe tsaye a bakin ƙofa, ta ɗaga ƙafa ɗaya kamar za ta shigo, ta mayar.

Laraba, 1 ga Janairu, da safe

Jiya garin nan ya yi ta fashe-fashen sabuwar shekara. Simsim ya kwana a bahon wanka, Yaya Mahasin ta ce ita ma saura kaɗan ta bi shi, ƙarar ta tuna mata abin da ba ta so. Mun kwana lafiya. Malam zai fara jarrabawa gobe.

Alhamis, 2 ga Janairu, da safe

Ban ji motsi ba tun jiya da Magariba.

Alhamis, da hantsi

Na sha ruwan sanyi. Na sha shayi da sukari. Na kwanta ta hagu. Babu.

Alhamis, bayan La'asar

Bari in rubuta tun ban manta yadda aka yi ba.

Da safe Simsim ya haɗiyi wani abu mai ƙyalli daga jikin bishiyar, ya yi ta kakarin amai. Yaya Mahasin ta ruɗe, amanar mutane ce, ta naɗe shi a tawul za ta kai shi likitan dabbobi. Ta leƙo ta ce, "Lafiya dai ko?" Na buɗe baki na rufe. Na ce lafiya. Wancan karon da na faɗa da bakina, kafin yamma ya tabbata. Wauta ce, na sani, amma na ji kamar idan ban furta ba bai faru ba. Malam yana ɗakin jarrabawa, wayarsa a kashe.

Gidan ya yi tsit. Na karanta duk abin da na haddace. Na dafa nan, na dafa can, na roƙa, har faɗa na yi. Babu. Sai bangon ɗakin ya fara matse ni, ɗakin da na tsare da kyau don kada komai ya hana rahama shigowa. Na tashi ban san inda za ni ba, na tsallake bakin ƙofa, na sulale na zauna a tayil na jingina da bango.

Basbusa ta dube ni. Ta taso a hankali, don ita ma tsohuwa ce, ƙugunta na ciwo. Na ce mata tafi. Ba ta tafi ba. Ta shinshina gwiwata, ta kwanta, ta ɗora kanta a kan cikina. Kan da nauyi, da ɗumi kamar tukunyar da aka sauke ɗazu. Ban taɓa barin kare ya taɓa ni ba tunda aka haife ni. Ban ture ta ba. Ina jin numfashinta ta cikin rigata, sai ta yi wani dogon nishi mai gurnani.

Sai aka harbe ta.

Daga ciki. Da ƙarfi, har kunnenta mai yagewa ya motsa. Ta zabura ta ɗago kai tana kallon cikina kamar an zage ta. Ta mayar da kai. Aka sake. Aka kuma sakewa.

Na yi dariya, na yi kuka, na yi hamdala, duk a haɗe. Na riƙe wuyan karya da hannu biyu ina cewa na gode, ban ma san wa nake ce wa ba, Allah dai ya sani.

A haka Yaya Mahasin ta same mu. Da na gaya mata, ta ajiye Simsim ta yi mini faɗan da ko Inna ba ta taɓa yi mini ba, rabi Hausa rabi Larabci.

"Kin bar ni na kai kare asibiti ke kina nan? Kunya ce za ta kashe ku, ku mutanen gida. Yalla, ɗauko mayafi."

Duktura ta sa abin awo, ɗakin ya cika da bugun nan mai sauri. Ta ce komai daidai, barci ne mai nauyi, amma idan na sake yin shiru irin wannan ita da kanta za ta zane ni. Na ce na ji. Wallahi na ji.

Simsim ma lafiyarsa ƙalau, abin ya fita ta inda ya kamata.

Asabar, 4 ga Janairu, da yamma

Na gaya wa Malam duka, har riƙe wuyan. Na tambaye shi ko na ɓata tsarin da ya yi mini. Ya murza hularsa. Can ya ce shi ɗalibi ne, bai kai ya san inda rahamar Allah ke bi da inda ba ta bi ba.

Yau ya zo da ƙunshi a takarda daga wurin mahaucin Darrasa. Na zaci nawa ne. Hanta ce, ya ba Yaya Mahasin ya ce a dafa wa waccan. Bai kira sunanta ba, bai kuma taɓa ta ba, amma da zai wuce ta gabanta na lura bai tattare jallabiyarsa ba.

Har yanzu ba ta shigowa ɗakin. Ni ce nake fita. Yaya Mahasin ta shimfiɗa mini bargo a wurin.

Talata, 7 ga Janairu, da hantsi

Ana ta buga ƙararrawar coci a ƙetaren titi. Ban taɓa zaton zan ji wannan ƙarar in yi sujada ba.

Mun kai. Mun kai.

Lahadi, 12 ga Janairu, asibiti, bayan Azahar

Ranar Alhamis ne abin ya taso, da rana tsaka, ina cin lemo. Sauran ba na rubutawa ba ne. Abin da zan riƙe shi ne kukan. Ƙarami ne, siriri, amma kuka ne, a wancan karon shirun ɗakin ne ya gaya mini. Malam ya yi mata kiran salla a kunne, aka ɗauke ta aka sa a kwalba kwana biyu. Jiya aka ba ni ita. Mace ce. Tana da ƙarfin ƙafa, ni shaida ce, akwai kuma wata shaidar a Zamalek.

Madam ta dawo yau. Ba zan koma gidan ba, daga nan Faisal za mu wuce. Ban yi wa Basbusa sallama ba, ranar da aka fito da ni tana biye da mu har ƙofar asanser, ni kuwa ta kaina nake yi. Wannan ya tsaya mini a rai fiye da yadda zan iya gaya wa mutum.

Alhamis, 16 ga Janairu, Faisal, bayan La'asar

An yi suna. Hawa shidan nan a kan kujera aka hau da ni, Malam da abokansa suna nishi ina ba su umarni. Ɗakinmu ya cika, ɗalibai a falo, matan Sudan a kicin, an yi kunun kanwa da kanwar Inna. Yaya Mahasin ta ɗauki hutu, ita ke yi mini wankan jego, ruwan har tururi yake, ba ta da tausayi ko kaɗan.

Inna ta kira da safe. Ta ce, "An sauka lafiya?" Don kunya na miƙa wa Yaya Mahasin wayar. Kuskurena ke nan. Matar nan ta zauna ta kwashe komai ta gaya mata, matakala, Zamalek, ranar Alhamis ɗin nan, har inda kan ya kwanta. Ina ta yi mata alama da hannu, ko kallona ba ta yi ba. Ta miƙo mini.

"Sabuwa."

"Na'am, Inna."

"Na unguwa ne, ko?"

Na rufe fuskata da mayafi. Sai na ji tana jan hanci.

Ta ce, "An yanka ragon?"

"An yanka."

"To a cire wa karyar nan ƙashin cinya, da namansa a jiki. Kada a ba ta ragowa."

Yana cikin leda a firij, gobe Yaya Mahasin za ta tafi da shi. Ta ce har yau a bakin ƙofar nan Basbusa take kwana, Madam ta rasa dalili.

Da aka raɗa sunan mata suka yi guɗa, ni na sunkuyar da kai kamar ba da ni ake ba. Wata ta miƙo mini ita a gaban mutane na kau da fuska, suka yi ta dariya suna cewa kunyar 'yar fari. Haka ne. Haka Inna ta yi da Yayanmu, har yau ba ta taɓa kiran sunansa ba, ni ma haka zan yi. Za a yi ta jin ina cewa ke, ko waccan, ko yarinyar nan, har ta yi furfura.

Amma yanzu kowa ya tafi, Malam ya sauka raka baƙi, tana kwance a jikina a cikin zanen Inna, cikinta na hawa yana sauka. Biyu sun wuce ban samu abin da zan kira su ba. Nan babu mai ji.

Humaira. Humaira. 'Yata Humaira.